Yadda Ake Jera Finafinan Shekara: Misalin Finafinan Hausa na 2017

Jera finafinan da suka fi kyau a shekara al'ada ce da ke dawowa duk ƙarshen Disamba. Mujallu da jaridu da gidajen rediyo kan fitar da sunayen finafinai goma, wasu biyar, su ce ga na ɗaya ga na biyu, daga nan gardama ta kaure a majalisun matasa da shagunan cajin waya, tun daga Ƙofar Ƙaura har Ƙofar Guga a birnin Katsina. Wani ya ce an yi son kai. Wani ya ce mai jerin bai ma kalli fim ɗin da ya cancanci zama na ɗaya ba. Sau da yawa dukkansu suna da hujja, domin kowane jeri yana tsaye ne a kan mudun da aka auna da shi, kuma ba kasafai masu jerawa ke nuna wa jama'a mudun nasu ba. Shirin na yau zai bi yadda ake wannan aiki daki-daki, tare da ɗaukar finafinan Hausa na shekarar 2017 a matsayin misali.

Al'adar ta girmi masana'antar finafinan Hausa nesa ba kusa ba. A Amurka an fara ba da kyautar Oscar a 1929. A Indiya, ƙasar da finafinanta suka fi na kowa shiga zukatan Hausawa, mujallar Filmfare ta fara ba da tata kyautar a 1954. A Afirka ta Yamma kuwa, bikin FESPACO na birnin Wagadugu a Burkina Faso ya soma a 1969, kuma da aka ƙirƙiro babbar kyautarsa a 1972, ɗan Nijar ne ya fara ɗaukarta, wato Oumarou Ganda. A 1987 kyautar ta tafi ga fim ɗin Sarraounia na Med Hondo, wanda aka gina a kan littafin Abdoulaye Mamani game da Sarauniya Mangu ta Lugu da yadda ta tunkari sojojin Faransa. Ke nan tun kafin a san Kannywood, labarin ƙasar Hausa ya riga ya zo na ɗaya a wani jeri na nahiya.

A Arewacin Najeriya, finafinan Hausa na farko na majigi ne da na sinima, kuma Katsina na da hannu a cikinsu. Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya mayar fim a 1976, littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa ne, tsohon ɗalibin Kwalejin Katsina. Kulɓa Na Ɓarna, wanda Brendan Shehu ya ɗauka a 1992, wasan kwaikwayon Umaru Ɗanjuma Katsina ne, wanda aka fi sani da Kasagi. Sai dai a wancan zamani finafinan ba su da yawan da za a jera su, domin akan yi shekaru ba a fitar da ko ɗaya ba. Jeri ya zama abin buƙata ne bayan ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo a 1990, harkar ta buɗe, finafinai suka riƙa fitowa kamar ruwan sama. A 1999 Sunusi Shehu Daneji ya raɗa wa masana'antar suna Kannywood a mujallar Tauraruwa. A wannan shekarar dai Ibrahim Sheme, ɗan ƙaramar hukumar Faskari ta Jihar Katsina, ya kafa mujallar Fim. Waɗannan mujallu su ne suka fara rubuta wa ya yi wane fim, yaushe ya fito, me masu kallo suka ce a kansa, kuma ba don su ba da yawancin tarihin shekarun farko ya bi ruwa.

Tambayar farko da mai jeri ke cin karo da ita tana da sauƙin yi, amma amsarta na da wuya: wane fim ne na wannan shekara? Masu kyautar Oscar sun daɗe da yanke hukunci a kan haka. Sai an nuna fim a sinima na tsawon kwana bakwai a jere, a cikin shekarar da ake magana, kafin ya shiga takara. A finafinan Hausa babu irin wannan ƙa'ida da kowa ya yarda da ita. A zamanin kaset da faifai, fim ɗaya kan fito kashi-kashi, na ɗaya da na biyu a wannan shekara, na uku da na huɗu a mai zuwa. Daga baya aka koma nuna fim a sinima a Kano lokacin Sallah, a bar shi watanni kafin a sake shi kasuwa. Mai kallo a Katsina ko Daura ko Maraɗi kan ga fim ɗin ne bayan mutanen Kano sun gama yayinsa, don haka fim ɗin bara a wurin wani shi ne na bana a wurin wani. Mai jerin da ya san aikinsa yakan faɗi tun da fari ranar da yake ƙirgawa daga gare ta, ko ranar fara nunawa a sinima, ko ranar shiga kasuwa.

Bayan an tantance shekara, sai ma'auni. Wanda ya fi saurin zuwa bakin mutane shi ne kasuwa, wato fim ɗin da ya fi ciniki. A inda ake da gidajen sinima da yawa, ana ƙirga tikiti, a fitar da adadi. Shi ya sa aka san cewa fim ɗin The Wedding Party na Legas, wanda ya fito a Disambar 2016, ya tara sama da naira miliyan 450. Finafinan Hausa ba su taɓa samun irin wannan lissafi a fili ba. A lokacin da kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano ke kan ganiyarta, dillalan kaset da faifai su ne suka san adadin da ya fita, kuma ba su saba buga shi a jarida ba. Abin da ke isowa kunnen jama'a shi ne cewa fim kaza ya yi kasuwa, fim kaza ya kwanta.

Zuwa 2017 ma wannan ɗan lissafin ya rushe. Tattalin arzikin Najeriya ya shiga mawuyacin hali a 2016, kuɗin kashewa ya yi ƙaranci a hannun jama'a. Satar fasaha ta cinye kasuwar faifai. Finafinan Indiya da ake fassarawa da Hausa, waɗanda mutane suka fi sani da fassarar Algaita, sun janye masu kallo da dama. A 2016 ɗin ne kuma gwamnatin tarayya ta janye shirin gina ƙauyen finafinai a Ƙofa ta ƙaramar hukumar Bebeji, bayan suka mai zafi daga malamai da sauran jama'a. Abin da ya maye gurbin shagon faifai shi ne teburin mai tura finafinai: saurayi da kwamfutarsa a bakin titi, a miƙa masa waya ko memori, ya zuba finafinai a ciki a kan kuɗi kaɗan. Ta wannan hanya dubban mutane a Katsina suka kalli finafinan shekarar, kuma babu littafin da aka rubuta ko mutum ɗaya daga cikinsu. Manyan finafinai sun koma dogaro da sinimar Filmhouse da ke rukunin shagunan Ado Bayero a Kano a lokacin. Don haka idan aka ce fim ya cika sinima a 2017, ana maganar 'yan ɗakunan kallo ne a birni ɗaya, da masu halin sayen tikiti. Matar aure da ta kalla a waya a Sabuwar Unguwa, da ɗalibin da ya kalla a ɗakin kwana a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, ba sa cikin wannan ƙidaya, alhali su ne mafi yawan masu kallo.

Ma'auni na biyu shi ne kyaututtuka. A nan ya kamata mai sauraro ya riƙa bambance iri biyu. Akwai kyautar da alƙalai ke zaɓa, mutanen da suka san sana'ar, su zauna su kalli finafinan da aka gabatar musu, kamar yadda ake yi a gasar AMAA da Peace Anyiam-Osigwe ta kafa a 2005. A can ne Ali Nuhu ya sami kyautar jarumi mai tasowa a 2007 saboda rawar da ya taka a fim ɗin Sitanda. Akwai kuma kyautar da jama'a ke zaɓa ta saƙon waya ko ta intanet. Gasar AMVCA, wadda aka fara a 2013, tana haɗa hanyoyin biyu, wasu rukunoni na alƙalai, wasu na ƙuri'ar masu kallo. Ƙuri'ar jama'a tana nuna yawan masoyan jarumi da himmarsu wajen danna waya, kuma wannan abu ne mai amfani a sani, amma ba ta cewa komai a kan ingancin rubutu ko ɗaukar hoto. Hukuncin alƙalai ma yana da iyakarsa, domin abin da aka kai gabansu kaɗai suke gani. Furodusan da bai cike takardar shiga gasa ba, ko bai sa wa fim ɗinsa fassarar Turanci a ƙasan hoto ba, ya fita daga takara tun kafin a fara, komai kyawun aikinsa.

Ma'auni na uku, wanda ya fi wahala kuma ya fi daraja, shi ne na mai sharhi, mutumin da ya kalli finafinan shekara da idon basira, ya auna su, ya bayyana dalilinsa. Abin da yake fara dubawa shi ne labari: ko abin da ya faru a ƙarshe ya taso ne daga abin da aka shuka a farko, ko kuwa marubuci ya maƙale ne ya jawo haɗarin mota ko ciwon ajali don ya rufe. Yana kuma tambayar asalin labarin. Masu sana'ar suna da kalmarsu ta wankiya, wato a ɗauko fim ɗin Indiya a sauya masa sunaye da tufafi a mayar da shi na Hausa, kuma Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya yi rubuce-rubuce masu yawa a kan wannan ɗabi'a. Aro ba baƙon abu ba ne a adabin Hausa. Abubakar Imam ya ɗebo labarai daga ƙasashe da dama a Magana Jari Ce, amma ya narka su har suka zama na gida. Abin da mai sharhi ke nema ke nan, ya ga ko an narka aron, ko kuwa an bar shi da ƙanshin inda aka ɗauko shi, har saurayin Bahaushe yana yi wa mahaifinsa maganar da babu ɗan da zai yi ta a zauren gidansu.

Sai sauti, wanda masu jeri da yawa ke tsallakewa. Kyamarori sun yi arha, sun yi kyau, har hoton fim ɗin Hausa ya daina zama abin kunya tun shekaru da dama. Sauti bai bi sahu da wannan sauri ba. Akan ji ƙarar janareta a bayan hirar masoya, ko muryar jarumi ta yi sama ta yi ƙasa tsakanin fitowa biyu na ɗaki ɗaya, ko kiɗan baya ya danne maganar da labarin ya dogara a kanta. Duk wanda ya saba da rediyo ya san cewa kunne ba ya yafiya kamar ido. Hanya mai sauƙi ta gwada fim ita ce a kawar da kai daga hoton na ɗan lokaci, a saurara kawai. Idan har ana gane wanda ke magana, da inda yake, da halin da yake ciki, to an yi aikin sauti.

Harshe ma ma'auni ne, kuma a nan mai kallo na Katsina yana da ta cewa. Yawancin finafinan ana yin su ne da karin harshen Kano, wannan kuwa ba laifi ba ne, tunda can ce cibiyar sana'ar. Matsalar tana zuwa ne idan labari ya ce mutum Bakatsine ne ko Basakkwace, sai a mayar da karin harshensa abin dariya, ko a cusa masa kalmomin da ba nasa ba. Haka nan fim ɗin tarihi da aka ce ya faru kafin zuwan Turawa, amma a ji bafade na furta kalmar da aka aro daga Turanci. Irin wannan kuskure ƙarami ne a ido, amma yana nuna ko marubuci ya yi bincike ko bai yi ba. Waƙa kuwa, wadda ta zama ginshiƙi tun bayan fim ɗin Sangaya na kamfanin Sarauniya a ƙarshen shekarun 1990, ana auna ta ne da tambaya ɗaya: idan aka cire ta, labarin zai rasa wani abu? Idan ba zai rasa ba, to waƙar tallar fim ce, kuma ya dace a yaba mata a jerin waƙoƙin shekara.

Da waɗannan ma'aunai a hannu, ana iya komawa ga 2017. Finafinai uku ne sunayensu suka fi yawo a bakin masu sharhi da masu kallo a wannan shekara: Mansoor, da Rariya, da Juyin Sarauta. Kowannensu na iya zama na ɗaya, ya danganta da mudun da aka ɗauka.

Mansoor na kamfanin FKD ne, Ali Nuhu ya ba da umarni. Labarin saurayi ne da soyayya ta tono masa tambayar da ba a taɓa amsa masa ba game da mahaifinsa, ya bar gida ya shiga neman asalinsa. Abin da ya sa aka yi ta maganar fim ɗin tun kafin ya fito shi ne kasadar da aka yi wajen zaɓen jarumai. An ɗora nauyin labarin a kan mawaƙi Umar M. Shareef, wanda aka fi sani da murya fiye da fuska, da Maryam Yahaya, wadda a lokacin sabuwa ce. Kasadar ta biya. Waƙoƙin fim ɗin sun shiga gidajen biki da wayoyin matasa, Maryam Yahaya ta zama tauraruwa, fim ɗin kuma ya ɗauki kyautar fim ɗin Hausa mafi kyau a gasar AMVCA da aka yi a Legas a watan Satumbar 2018. Idan farin jini da tasiri a kasuwa ne ma'auni, babu wanda zai ja da Mansoor. Rauninsa shi ne bai kauce wa tsohuwar turbar soyayya da waƙa ba, ya dai bi ta da tsafta da ƙwarewa fiye da yadda aka saba.

Rariya shi ne fim na farko da Rahama Sadau ta shirya da kamfaninta, Yaseen Auwal ya ba da umarni. Ya fito ne watanni bayan ƙungiyar masu shirya finafinai ta MOPPAN ta sanar da korarta daga masana'antar a Oktoban 2016, saboda bidiyon waƙar da ta fito a ciki tare da mawaƙi ClassiQ, kuma wannan ya sa idon jama'a ya ƙara komawa kansa. Labarin ya shafi rayuwar 'yan mata a jami'a, da masu kuɗin da ke bibiyarsu, da iyayen da ba su san halin da 'ya'yansu ke ciki ba. A gari irin Katsina, mai jami'o'i da kwalejoji, inda iyaye ke auna tura 'ya mace karatu mai zurfi da tsoron abin da za ta tarar, batun ba na nesa ba ne. Ƙarfin fim ɗin shi ne ya taɓo maganar da ake yi a ɗaki ba a yi a fili, ya kuma bai wa mata da dama manyan gurabe a labari ɗaya. Haɗarin irin wannan labari kuwa shi ne mai kallon da dama yake ɗari-ɗari da karatun mata zai iya ɗaukarsa hujja, kuma mai sharhi na gari ba zai rufe ido a kan haka ba.

Juyin Sarauta ya fita daban. Balaraba Ramat Yakubu ce ta rubuta ta kuma shirya shi, marubuciyar Budurwar Zuciya da Alhaki Kuykuyo Ne, littafin da aka fassara zuwa Turanci aka buga a Indiya a 2012. Falalu Ɗorayi ya ba da umarni, marubuci Ado Ahmad Gidan Dabino yana cikin waɗanda suka fito. Labarin rikicin gadon sarauta ne a wata masarautar Hausa ta zamanin da, da makircin fada, da rawar da matan cikin gida ke takawa a bayan labule. Fim irin wannan yana da tsada da wahala, domin komai sai an nemo ko an ƙera: tufafi, kayan doki, makamai, ƙwarya da tukunya, har da wurin da babu turken lantarki ko kwanon rufi da zai faɗo cikin hoto. Sannan akwai harshen fada, yadda ake gaisuwa, yadda ake faɗuwa, wanda ke magana da wanda ke yin shiru. Mutanen Katsina, da suka tashi suna ganin hawan Sallah a Ƙofar Soro, suka san bambancin zaman Ƙaura da na Durɓi da na 'Yanɗaka, suna cikin alƙalan da suka fi tsanani ga irin wannan fim, domin naɗin rawani ɗaya da aka yi ba daidai ba ya isa ya zubar masa da mutunci a idonsu. Juyin Sarauta ya tsallake wannan jarrabawa fiye da yawancin finafinan sarauta da suka gabace shi. Bai yi amo a wayoyin matasa kamar Mansoor ba, kuma masu kallo da yawa a wajen Kano ba su same shi da wuri ba. Amma idan ana maganar rubutu na asali, da bincike, da kula da harshe, da wahalar aikin da aka ɗauka aka kuma sauke, shi ya fi cancanta da matsayi na ɗaya a 2017, Mansoor ya biyo baya, sannan Rariya. Wanda ya juya wannan jeri bai yi laifi ba, muddin ya faɗi cewa farin jini yake aunawa.

Akwai kuma waɗanda jeri ke mantawa da su kusan kowace shekara. Finafinan barkwanci da ake kira camama su ne abincin yau da kullum na masu kallo a ƙauyuka da unguwanni. Marigayi Rabilu Musa Ɗan Ibro, wanda ya rasu a Disambar 2014, ya yi shekaru yana riƙe da kasuwa, amma da wuya a ga fim ɗinsa a saman jerin masu sharhi. Dalilin a bayyane yake, ana yin su cikin gaggawa, da kuɗi kaɗan, sau da yawa ba tare da cikakken rubutu ba. Duk da haka sa mutum dariya fasaha ce mai wuya, kuma a cikin barkwancin Ibro akwai sharhi a kan talauci da mulki da halin mutane wanda manyan finafinai ba su kai gare shi ba. Jerin da ya ware wa barkwanci rukuninsa ya fi adalci a kan wanda ya haɗa shi da fim ɗin tarihi a sikeli ɗaya.

Lokaci ma yakan sake jeri. Duk mai kallon finafinan Indiya a ƙasar Hausa ya san Sholay na 1975, amma a bikin Filmfare na shekararsa kyauta ɗaya tak ya samu, ta tace hoto, yayin da Deewaar ya ɗauki kyautar fim mafi kyau. A Amurka, Citizen Kane na 1941 bai sami kyautar Oscar ta fim mafi kyau ba, amma a ƙuri'ar da mujallar Sight and Sound ta Ingila ke yi wa masu sharhi duk shekara goma, shi ya riƙe matsayi na ɗaya daga 1962 har 2002, sai a 2012 Vertigo ya ture shi. Abin da ya ba da damar wannan gyara shi ne finafinan suna nan a adane, kowane zamani na iya sake kallo ya sake hukunci. A nan ne finafinan Hausa ke da babban giɓi. Kaset yana lalacewa, faifai yana karcewa, kamfanoni da yawa na shekarun 1990 sun rufe, kuma finafinai da dama na wancan lokaci sai dai a ji sunansu. Fim ɗin da aka zalunta a jerin shekararsa, idan ya ɓace, babu mai sake duba shari'arsa. Wannan ya sa jerin shekara a ƙasar Hausa yake ɗauke da nauyin da ya fi na wasu wurare, domin sau da yawa shi ne kaɗai shaidar da za ta rage. Aikin adanawa yana wuyan hukumomi irin su Hukumar Finafinai ta Najeriya da ke Jos, wadda aka naɗa Ali Nuhu shugabanta a Janairun 2024, da sassan Hausa na jami'o'i, da su kansu masu kamfanonin.

Bayan 2017 yanayin ya sake sauyawa. Tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, ta riga ta saba wa mutane da shiri mai dogon zango ta hanyar Daɗin Kowa, sannan Kwana Casa'in da Gidan Badamasi suka biyo a 2019. A 2020 Labarina na Aminu Saira ya fito, haka ma Izzar So na Lawan Ahmad, wanda ake sakawa a tashar Bakori TV a YouTube, mai ɗauke da sunan garin Bakori na Jihar Katsina. YouTube ya kawo abin da masana'antar ba ta taɓa samu ba, wato adadin kallo da kowa ke iya gani da idonsa, kuma a wannan karon mai kallo na Katsina da na Jibiya da na Maraɗi duk suna cikin lissafi. Amma ya zo da tasa tambayar. Shirin da ke fitowa mako-mako tsawon shekaru ba ya shiga awon shekara ɗaya, kuma ba a iya gwada shi da fim mai tsawon awa biyu. Masu jeri da dama yanzu kan raba gida biyu, finafinai daban, masu dogon zango daban, su ɗauki zangon da ya fito a shekarar su auna shi shi kaɗai.

A ɗaya gefen, harshen Hausa ya sami wata ƙofa a jerin duniya. A 2019 masu kyautar Oscar sun cire fim ɗin Lionheart na Genevieve Nnaji daga rukunin finafinan ƙasashen waje, saboda yawancin maganar da ke cikinsa Turanci ce, ƙa'idar rukunin kuwa ita ce fiye da rabin maganar ta kasance da wani harshe. A shekarar da ta biyo baya Najeriya ta aika The Milkmaid na Desmond Ovbiagele, wanda akasarinsa da Hausa aka yi, fim ɗin da ya ɗauki kyautar fim mafi kyau a AMAA ta 2020, Maryam Booth kuma ta sami kyautar mataimakiyar jaruma. A 2024 kwamitin zaɓe na Najeriya ya sake tsayar da fim ɗin Hausa, Mai Martaba na Prince Daniel, labarin rikicin sarauta da Adam A. Zango ya fito a ciki, wanda aka ɗauka a Daura. Duka biyun ba su kai ga zagayen ƙarshe na Oscar ba, amma a shekarunsu su ne kwamitin ya tsayar da sunan Najeriya baki ɗaya, a gaban finafinan Legas da suka ninka su ciniki.